Fim kan yaron da 'yan bangar siyasa suka ja a Kaduna: ta ina zan kama?

Ɗan Kabala:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar manya a kan wani labarin fim da nake so a ɗauka a nan Kaduna. Jarumin, Nura, ɗan shekara 16 ne a Tudun Wada. Amininsa Ishaya yana Kakuri. Iyayensu maza sun yi aiki tare a masaƙa kafin ta durƙushe, su kuma yaran ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke buga wa. Gab da zaɓen 2011 sai wani babban yaya a majalisar unguwa, Oga Sale, ya ja Nura cikin yaran da ke liƙa fasta da rakiyar ɗan takara. A hankali aka cusa masa ƙin mutanen ƙetaren gadar kogin Kaduna, har abotar ta watse ranar da rikici ya ɓarke.

Damuwata huɗu ce. Waɗanda suka karanta sun ce ya yi kama da wa'azi. Ban san yadda ake nuna tarzoma da ɗan kuɗi kaɗan ba. Ina tsoron hukumar tace fina-finai. Sannan yawancin 'yan wasan yara ne. A taimaka.

Malam Alƙalami:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ko ban ga rubutun ba zan iya cankar inda wa'azin ya shigo: ka bayyana Oga Sale a matsayin mugu tun fitowarsa ta farko. Da zarar mai kallo ya gane mugu ne a minti na biyar, to Nura ya zama wawa, kuma babu mai zaman awa ɗaya da rabi yana tausayin wawa. Yaro ɗan 16 ba ƙiyayya yake fita nema ba, wurin zama yake nema, inda idan bai zo ba za a ce ina wane. Wannan ne fim ɗinka.

A lissafin da aka saba, shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo, don haka kana da kamar shafi 90. Shafi 25 zuwa 30 na farko kada kalmar ƙiyayya ko ɗaya ta fito daga bakin Sale. Ka nuna abin da Nura ya samu a wurinsa. An raɗa masa laƙabi. An matsa masa a benci. An ba shi riga da hula irin na sauran, an saya masa katin waya, ranar da wani ya mare shi a filin ƙwallo majalisa gaba ɗaya ta tashi. Sale ne mutum na farko da ya tambaye shi ko ya ci abinci, alhali mahaifinsa tun da masaƙar KTL ta tsaya a 2002 yake zaune a ƙofar gida da rediyo a kunne yana jiran haƙƙinsa, ba ya ce wa kowa uffan. Dole mai kallo ya so Sale, ya yi dariyar barkwancinsa, ta yadda in abu ya juya shi ma zai ji kunyar dariyar da ya yi.

Daga nan gubar hawa-hawa take shiga, kuma kowane mataki fitowa ɗaya ko biyu ya ishe shi. Da barkwanci ake farawa, a kwaikwayi yadda mutanen can ke magana, kowa ya ƙyalƙyale. Sai labari. Nan ne marubuta da yawa ke zamewa, su sa mugun ya yi ƙarya. Kada Sale ya yi ƙarya. A rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002 iyalai da yawa sun yi ƙaura, Musulmi suka tattaro zuwa arewacin kogi, Kirista suka koma kudu. Ka sa gidan su Sale na cikin waɗanda aka ƙona. Ciwonsa gaskiya ne, abin da yake yi da ciwon ne ɓarna. Bayan labari sai ƙaramin gwaji: je ka yage fastar wancan. Sai gwajin da ya taɓa Ishaya.

Ga irin fitowar da za ta yi maka aikin shafi goma na jawabi. Ishaya ya tsallako Tudun Wada ya kawo wa Nura takalmin ƙwallon da ya ara. Ya same shi a teburin mai shayi tsakiyar sababbin abokansa. Sale ya miƙa hannu da fara'a ya ce, abokinmu, ya sunan? Kafin Ishaya ya buɗe baki Nura ya yi caraf ya ce sunansa Isa. Ishaya ya kalle shi, ya ajiye ledar takalmin a kan benci, ya karɓi kofin shayin da aka miƙo masa, ya riƙe har ya huce bai kurɓa ba. Kada kowa ya yi bayani, a nan ko a fitowar da ke biye.

Shi ma Ishaya ka ba shi nasa Oga Salen a Kakuri, da nasa gidan da aka baro a 2000. In ba haka ba ya zama salihin bawan da aka ajiye don a zalunta kawai, kuma fim ɗin ya koma tuhumar ɓangare ɗaya.

Shekarar da ka zaɓa ta riga ta tsara maka kwarangwal. A Janairun 2011 an rufe makarantun firamare da sakandare saboda rajistar masu zaɓe, ka ga dalilin da zai sa Nura ya wuni a majalisa ba sai ka ƙirƙiro ba. Zaɓen shugaban ƙasa 16 ga Afrilu, tarzoma ta biyo baya da aka fara bayyana sakamako, aka sa dokar hana fita, zaɓen gwamna a Kaduna ma sai da aka ɗage shi zuwa 28 ga wata. Kuma kada ka manta Nura bai kai 18 ba. Duk wahalar nan da yake sha, ranar zaɓe ba shi da ƙuri'a, a bakin rumfa zai tsaya. Ka bar kyamara ta daɗe a kansa a wurin.

Ƙarshe kuwa, don Allah ban da rungumar juna a kan gada. Mutanen Kaduna sun san ba haka aka yi ba.

Hajiya Furodusa:

Malam ya gama da rubutu, ni bari in taɓo aljihu. Malam, a yi mini afuwa, 2011 ɗin da ka yaba ita ce za ta cinye masa kuɗi. Garin ya sauya fuska. Gadar Kawo ta yanzu a 2022 aka buɗe ta, Kasuwar Barci an rushe an sake ginawa, an faɗaɗa tituna da yawa. A 2011 'yan acaɓa ne suka cika gari. Wayoyin yara Nokia ce da BlackBerry ga mai hali, ana hira a manhajar 2go, jita-jita kuma ta saƙon tes take yawo, babu zancen WhatsApp a hannun kowane yaro. Takardar naira 100 ta cikar Nijeriya shekara ɗari sai 2014 ta fito, sababbin 200 da 500 da 1000 kuma ƙarshen 2022. Na'urar POS a bakin shago, ko farantin sola a kan rufi, ɗaya ya faɗo cikin hoto ya tona asiri. Don haka ɗana, ko dai ka tsare fim ɗin a lunguna, cikin gidaje, filin ƙwallo da bakin kogi, ka guji ɗaukar faɗin titi, ko kuma ka cire shekarar ka bar shi a wani zaɓe da ba a ambata ba. In ka riƙe 2011, ka ɗauki mutum ɗaya wanda aikinsa kawai duba bayan 'yan wasa kafin a ce a fara.

Jam'iyya ka ƙirƙiro taka, suna da tambari da launi. Ka duba jerin jam'iyyun da INEC ta yi wa rajista, na da da na yanzu, kada tambarinka ya yi kama da na kowa. Ban da lema, ban da tsintsiya, ban da alƙalami. Fuskar da ke jikin fasta ta ɗan wasanka ce wanda ya sa hannu a takarda. Fastocin a liƙa su da safe a cire kafin a bar wurin, a ƙirga su shiga da fita, domin guda ɗaya in ta kwana a bango gobe za ka ji an ce sabuwar ƙungiya ta shigo unguwa.

Tacewa: Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba fim matakin shekaru, daga G, wato na kowa da kowa, har 18. Fim irin naka ka nufi 15, domin in aka ba ka 18 ka rasa yaran da ka yi dominsu. Abin da ke jawo matsala shi ne kalaman da za a iya yankewa su tsaya da ƙafarsu a matsayin tunzuri. Jawabin Sale kada ya zama ɗauka ɗaya mai tsawon minti biyu fuskarsa cike da allo, wani zai yanke shi ya watsa a TikTok ba tare da sauran fim ɗin ba. A kakkatse shi da fuskokin yaran, da mai shayi yana katsalandan, da wani yana neman canji. Zagin addini kai tsaye, sunan Annabi ko littafi mai tsarki na kowane ɓangare a bakin mai zagi, kada ma a rubuta. Shaye-shaye a nuna illarsa ba tare da nuna sunan kwalba ba, taba kuma akwai ƙa'idar 2024 da ta tsaurara nuna ta. In kana son a haska a Kano, hukumar tacewa ta jihar daban take da tata ƙa'idar, ka nemi sharuɗɗanta tun kafin ɗauka.

Izini a ƙasa: wasiƙa ga mai unguwa da hakimi, kwafi ga DPO na yankin, da ranaku da awanni a rubuce. Kakin 'yan sanda ba a sa shi a fim sai da izinin rundunar. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kuma Kaduna cike take da wuraren soja, ga NDA, ga sansanin sojan sama, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri ɗin da kake son ɗauka. Ni dai da ka haƙura da jirgin. Fitowar gangami kuwa kada a kuskura a ɗauke ta a kakar kamfe.

Kwana nawa? Da yaran da ba su saba ba, shafi 4 zuwa 5 a rana, wato kwana 18 zuwa 23. Ka ware kashi 10 cikin 100 na kasafi ka manta da shi sai ranar da ruwa ya hana aiki ko janareto ya mutu.

Baba Sabon Tasha:

Ɗana, abu ɗaya zan ƙara. Gidan su Ishaya kada ka rubuta shi da ka. Ka fara yanke ko su wane ne: Bajju, Atyap, Ham, Adara ko Gbagyi, domin ba ɗaya ba ne, sunaye da abinci da ƙauyen da ake zuwa Kirsimeti duk sun bambanta. A irin wannan gida uwa za ta yi wa yaro faɗa da yarensu, ya amsa da Hausa, ya fita waje ya koma Turancin buroka da abokai. Da yawa a coci ma da Hausa ake wa'azi da waƙa, musamman zumuntar mata. Kuskuren da aka saba shi ne a sa Kirista yana gwamutsa Hausa don a ba da dariya, alhali yaron da aka haifa a Kakuri Hausarsa ba ta da maraba da ta Nura. In ka yi haka ka rasa rabin masu kallonka a minti goma.

Kuma ka tsaya a cikin gari. Abin da ya faru a Zonkwa da Kafanchan a 2011 ciwo ne mai zurfi da ke buƙatar nasa fim ɗin, kada a ratsa shi a fitowa ɗaya. Ya iso ta waya ko ta bakin wanda ya tsero, ya wadatar.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ba mutum biyu daga kowane ɓangare su karanta, kowa shi kaɗai, ka tambaye su inda suka ji an yi musu ƙarya. Cibiyar sasanta mabiya addinai ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye tana nan garin, su kansu a ƙuruciya sun jagoranci matasa masu gaba da juna kafin su haɗu a 1995. Irin mutanen da ke aiki a wurin sun san yadda ake jan yaro.

Mai Makirfo:

Yaya, tarzoma a kunne ake yin ta, ba a ido ba. Ka kulle Nura ko Ishaya a ɗaki ɗaya da mata da ƙananan yara, taga a rufe, a ji gudu a lungu, ƙarar buga ƙofar maƙwabta, jiniya daga nesa, waya tana ta ƙara ba mai ɗauka. Wannan ya fi taron mutum 500 tsoratarwa kuma kusan kyauta ne. Sautukan a ɗauke su daban a wani fili a bayan gari, da rana, bayan an sanar da mutanen wurin. Kada a sa yara ihun kabbara ko taken wani ɓangare a cikin unguwa, wanda ke bayan katanga bai san fim ake yi ba, kuma a garin nan gudu ɗaya ya isa a rufe kasuwa.

In dole sai an ga taro, mutum 25 zuwa 30 sun isa. A sa su a lungu mai ƙunci, a ja kyamara baya a ɗauka da gilashi mai jawo nesa, kamar 85mm, daga daidai ƙirji. Yana matse mutane su cika allo. A canja musu riguna da wuri a sake ɗauka ta wani kusurwa. Adda da gora na soso ko katako mai fenti, a ƙirga su a akwati ɗaya, mutum ɗaya ke fitarwa da mayarwa. Taya kada a ƙona, hayaƙinta guba ne ga yara kuma ana hango shi daga wata unguwa. Injin hayaƙi da fitila mai ruwan lemo da ake kaɗa wa kwali a gaba suna ba da hasken gobara a fuska. Jini kuma zuma ko ruwan sukari mai kauri, da jan kalar abinci, da ɗan garin koko don ya yi duhu.

Wutarmu 50Hz ce, don haka a ɗauka a firem 25 a daƙiƙa, shata, wato saurin ƙiftawar idon kyamara, a 1/50, in ba haka ba fitilun shago za su riƙa rawa a hoto. Janareto a kai shi aƙalla mita 50 bayan gini da doguwar waya. Sauti a 48kHz, makirfon sanda a sama, ƙananan na maƙalawa a jikin manyan 'yan wasa biyu, domin yara suna magana a kan juna kuma wannan hayaniyar ce daɗin majalisa. Kowane wuri a ɗauki shirunsa na minti ɗaya kafin a tashi, mai tace hoto zai yi maka addu'a. A tsara hutu a kan lokutan kiran salla, Lahadi da safe kuma kada a sa ɗaukar magana a kusa da coci.

Wani abu da ake mantawa: labarinka daga Janairu zuwa Afrilu ne, daga hazon hunturu zuwa zafin bazara. In ka ɗauka a Agusta ciyawa kore shar za ta ƙaryata ka, kogin ma a cike yake, duwatsun da yara ke zama a kai sun nutse. Ajiya kuwa, 4K a 100Mbps na cin kimanin 45GB a awa. In ka ɗauki awa 15 ka doshi 700GB. Faifan ajiya biyu, a kwafa kowane dare, kada su kwana a jaka ɗaya.

Ɗan Kabala:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan sake rubuta Sale daga farko. Hajiya, saura maganar yaran. In ɗauko sanannun jarumai su fito a 'yan sakandare, ko in nemo sababbi? Kuma ya ake yi da iyaye?

Malama Dandali:

Kafin Hajiya ta dawo bari in amsa, ƙanena. Sananne ɗaya ya ishe ka, a ba shi Sale ko mahaifin Nura, shi zai sayar da fim ɗin. Gemun da aka aske aka sa wa kayan makaranta ba ya ruɗin kowa. Yaran ka nemo su a ƙungiyoyin ƙwallon unguwa, kulob ɗin wasan kwaikwayo na sakandare, Islamiyyu da ƙungiyoyin matasan coci. Sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya ma yana da ɗaliban aji ɗaya masu ƙananan fuska. Nura da Ishaya, da duk wanda zai riƙe makami ko a doke shi, gara 'yan 18 zuwa 20 masu ƙaramin jiki. A dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018 duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, don haka sai da takardar amincewar uba ko mariƙi. A karanta masa labarin duka da harshen da yake ji, har fitowar da ba ta da daɗi, kafin ya sa hannu. In ka ɓoye, ranar da tallar fim ta fita zai zo ya ce a cire ɗansa. Babba ɗaya daga dangi ya zauna a wurin ɗauka, a yi aikinsu a hutun makaranta, kada ya ci karo da WAEC ko NECO, kuma a mayar da kowa gida kafin dare.

A wurin tantancewa kada ka ba su takarda su karanta, mai iya karatu ne zai ci, ba mai iya wasa ba. Ka haɗa su biyu-biyu ka ce ɗaya ya ci bashin ɗaya ya hana, ka ga wanda ke sauraro kafin ya mayar da magana. Shi za ka ɗauka. Bayan nan mako biyu zuwa uku na atisaye, rabinsa ƙwallo da cin abinci a faranti ɗaya, domin abota ba ta ɗaukuwa a kyamara in babu ita.

Tsarin ɗauka ya bi labarin gwargwadon iko: fitowar raha a makon farko, ta ƙiyayya a ƙarshe. Kuma a gama a zango ɗaya. Ɗan shekara 14 in ka bar shi wata huɗu kana neman cikon kuɗi, zai dawo da sabuwar murya da tsawon da bai da shi a fitowar baya.

Kalaman ƙiyayyar da ke cikin rubutu a bar su a bakin manya, yara su ji kawai. Inda dole yaro ya furta, a zauna da shi da wanda zai gaya wa kafin ɗauka da bayanta, kuma a kafa doka tun ranar farko cewa ba a maimaita su a wasa a motar komawa gida. Laƙabin da aka raɗa wa yaro a fim yana bin sa makaranta, don haka shi ma a zaɓi wanda zai iya ɗauka.